Idan waya ta yanke tsakanin na'ura biyu

Aikina girka na'urorin ajiye bayanai ne da kula da su, yawanci na 'yan kasuwa da makarantu da ƙananan asibitoci a nan Kano, kuma kusan duk abin da nake girkawa Linux ne ko FreeBSD, wato manyan manhajojin da ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya. Buƙatar da aka fi zo mini da ita ba ta canzawa: a sayi na'ura biyu, duk abin da aka rubuta a ɗaya ya shiga ɗayar, ta yadda ranar da ɗaya ta mutu 'yar'uwarta za ta ɗauki aiki ba tare da ma'aikata sun ji a jikinsu ba. Buƙata ce mai ma'ana, manhajojin da za su yi aikin kuma suna nan kyauta, lambarsu a buɗe ga duk mai son dubawa. Amma a wurina babu lamba mai hatsari a wannan sana'a kamar biyu.

Kwafin kansa ba shi ne wahala ba. A Linux abin da aka fi sani shi ne DRBD, wanda Philipp Reisner ya fara tun yana ɗalibi a Vienna ta ƙasar Ostiriya, daga baya kamfanin LINBIT ya ci gaba da rainonsa, har ya shiga kanel, wato zuciyar manhajar Linux, a fitowa ta 2.6.33 a 2010. DRBD bai san fayil ba, bai san sunan kowa ba. A ƙarƙashin tsarin fayil yake zaune, duk tubalin bayanan da aka aiko a rubuta a faifai sai ya rubuta a nan, ya kuma tura kwafinsa ta waya zuwa ɗaya na'urar. Yana da hanya uku. A ta A, da zarar faifan gida ya karɓa an kuma miƙa saƙon ga hanyar sadarwa, sai a ce wa manhaja an gama. A ta B ana jira saƙon ya isa can. A ta C kuwa ba a cewa an gama sai faifan can ma ya tabbatar ya rubuta. C ita ce wadda kowa yake so, don ita ce ba ta asarar ko rubutu ɗaya idan na'ura ta mutu farat ɗaya.

Sai dai C tana da farashi, kuma ba kuɗi ke biyansa ba. Haske a cikin wayar fayiba yana cin kusan kilomita 200 ne a milisakan ɗaya. Idan wani ya ce mini yana son na'ura ɗaya a Kano ɗaya a Legas, tafiyar da ta kai kusan kilomita 1,000, to zuwa da dawowa kaɗai milisakan 10 ne, kafin ma a lissafa na'urorin da ke kan hanya da kewaye-kewayen da wayar take yi. Manhajar da take jiran kowane rubutu ya tabbata kafin ta aika na gaba ba za ta wuce rubutu 100 a daƙiƙa ba, alhali faifan SSD da ke cikinta yana iya yin dubbai. Shi ya sa C ta ɗaki ɗaya ce ko harabar gida ɗaya. Nesa kuwa sai dai A, tare da yarda cewa idan bala'i ya auku 'yan daƙiƙun ƙarshe sun tafi.

Ainihin matsalar tana bayyana ne lokacin da na'ura ta biyu ta daina jin motsin ta farko. Abu biyu ne zai iya jawo wannan shirun: ko ta farkon ta mutu, ko kuwa tana nan da ranta tana aiki, wayar da ke tsakaninsu ce ta yanke. Daga inda ta biyun take, babu yadda za a yi ta bambance su. Idan ta karɓi ragama alhali 'yar'uwarta na raye, an sami masu rubutu biyu a kan abin da ya kamata ya zama faifai ɗaya. Idan ta tsaya jira alhali 'yar'uwar ta mutu, aiki ya tsaya, kuɗin na'ura ta biyu ya tashi a banza. Wannan ba ƙarancin basirar masu rubuta manhaja ba ne. Eric Brewer ya kawo maganar a 2000, Seth Gilbert da Nancy Lynch na MIT suka tabbatar da ita da lissafi a 2002: idan hanyar sadarwa ta rabu, dole a zaɓa tsakanin ci gaba da amsa wa mutane da kuma tabbatar da cewa bayanan ba su saɓa wa juna ba.

Na ga wannan da idona a wani kamfanin sarin magunguna. Shagon sayarwa yana gaba, ɗakin ajiyar kaya yana can baya a wani gini daban, kowane gini da na'urarsa. An haɗa su da DRBD da Pacemaker, manhajar da ke naɗa na'urar da za ta riƙe aiki, aikin kuma ba laifi a ido. Na'urorin biyu duk suna kan inbata. Ƙaramin siwic ɗin da ya haɗa ginin biyu ne kawai aka soka a soket ɗin bango, a wani lungu bayan kwalaye. Aka ɗauke wuta da hantsi, mai tada janareta ya fita, siwic ya mutu, na'urorin biyu kuwa ko gezau. Ta baya ta ga shiru, ta ɗauka ta gaba ta mutu, ta naɗa kanta. Masu sayarwa a gaba suka ci gaba da buga rasit a tasu, masu karɓar kaya a baya suka ci gaba da shigar da kwalayen da mota ta sauke a tasu. Babu wanda ya ga alamar komai, domin kowa allonsa yana aiki lafiya lau.

Da wuta ta dawo, na'urorin suka gaisa, kowacce ta ga ɗayar tana ɗauke da rubutun da ita ba ta da shi. Abin da na tarar a rajistar kanel shi ne layin da duk mai aiki da DRBD yake tsoro, "Split-Brain detected but unresolved, dropping connection!", ma'ana an sami rabuwar kai, kowace na'ura kuma tana nuna StandAlone, wato ta katse hulɗa ta zauna ita kaɗai. Gaskiya DRBD ya yi abin da ya dace: ya ƙi zaɓa da ka.

Mai kamfanin ya tsaya a kaina ya ce, "Injiniya, ai dalilin da ya sa muka sayi biyu ke nan. Ka haɗe su mana su koma ɗaya."

Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, ba sa haɗuwa. Umarnin da ake bayarwa a nan guda ɗaya ne, a ce wa ɗaya ta zubar da nata ta kwafi na 'yar'uwarta. Sai dai mu fara fitar da abin da ke cikin wadda za a zubar, mu shigar da hannu."

Umarnin shi ne `drbdadm connect --discard-my-data`, kuma ba ya tambayar ko ka tabbata. Abin kamar 'yan'uwa biyu ne masu shago ɗaya, kowa ya wuni yana rubuta bashi a nasa littafin, shafi na 40 a nan daban da shafi na 40 a can, duka biyun kuma gaskiya ne. Haka muka zauna da akawun ɗakin ajiya da takardun direban mota, yana karanto lambar kwali da ranar ƙarewar wa'adin magani, ana sake shigarwa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne lambobin rasit, domin na'urorin biyu sun ci gaba da ƙirga daga lamba ɗaya, sai ga takarda biyu mabambanta da lamba iri ɗaya. Da na duba saitin Pacemaker na ga layuka biyun da na yi zato: `stonith-enabled=false` da `no-quorum-policy=ignore`. Suna cike da darussan intanet, domin su ne suke sa gungu, wato na'urorin da aka haɗa su yi aiki tare, ya tashi cikin sauƙi a ranar gwaji.

Kada a ce wannan matsalar ƙananan wurare ce masu fama da NEPA. Ranar 21 ga Oktoba 2018 ma'aikatan GitHub, babban dandalin ajiye lambar manhaja, suna canza wata na'urar fayiba da ta fara lalacewa, sai hanya ta yanke tsakanin cibiyarsu ta gabashin Amurka da sauran wurare na daƙiƙa 43 kacal. Cikin wannan ɗan lokacin manhajarsu mai suna Orchestrator ta mayar da ragamar rumbunan bayanansu na MySQL zuwa yammacin ƙasar. Gabas na da rubutun 'yan daƙiƙu da bai kai yamma ba, yamma kuma ta fara karɓar sabon rubutu. Sai da suka yi awa 24 da minti 11 kafin komai ya daidaita, saboda sun zaɓi su bi a hankali da su zubar da bayanan mutane. Su da kansu suka wallafa bayanin dalla-dalla, kuma ina ganin duk wanda zai taɓa wannan aiki ya kamata ya karanta shi.

Maganin abu biyu ne, kuma dole a haɗa su. Na farko ƙuri'a ta uku. Idan masu zaɓe uku ne, ɓangaren da ya sami biyu shi ke da ikon rubutu, wanda ya rage shi kaɗai ya san dole ya janye hannu. Ba sai an sayi babbar na'ura ta uku ba. Corosync, manhajar da na'urorin gungu ke jin motsin juna da ita, yana da `qdevice`, wanda ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi ta isa ta riƙe shi, ba ta ajiye bayanan kowa, ƙuri'a kawai take jefawa. DRBD 9 ma yana karɓar na'ura ta uku marar faifai don wannan aikin. Sharaɗin dai kada a ɗora ta a kan siwic ɗaya da soket ɗaya da ɗaya daga cikin biyun.

Na biyu shi ne killacewa, abin da Pacemaker yake kira STONITH. Kafin wadda ta yi rinjaye ta fara rubutu, sai ta kashe ɗayar da gaske, ta hanyar IPMI (hanyar kunna na'ura da kashe ta daga nesa) ko soket mai karɓar umarni ko agogon tsaro da ke cikin na'urar mai sa ta kashe kanta, ta kuma sami tabbacin cewa ta mutu. Masu kamfani ba sa son jin wannan. Na'urar da aka kashe miliyoyi a kanta, a ce wata ce za ta datse mata wuta? Amma na'urar da ta sandare na minti biyu tana iya farfaɗowa ta ƙarasa rubutun da ta faro, a kan wurin da 'yar'uwarta ta riga ta ba wani fayil. Kashewa ce kaɗai take mayar da zato ya zama sani.

Duk wannan a tsarin da na'ura ɗaya ce take rubutu a lokaci guda. Akwai masu son duka su riƙa rubutu tare a faifai ɗaya, a nan ne tsarin fayil na gungu yake shigowa. Ba za ka ɗora tsarin fayil na yau da kullum irin ext4 ko XFS a na'ura biyu lokaci ɗaya ba, domin kowacce tana riƙe da taswirar wuraren da babu komai a cikin ƙwaƙwalwarta, tana ɗauka ita kaɗai ce mai faifan. Cikin ɗan lokaci za su ba fayil biyu wuri ɗaya. Ɗaya daga cikin tsarin fayil na gungu, GFS, ya faro ne a Jami'ar Minnesota a tsakiyar shekarun 1990, ya koma hannun kamfanin Sistina, kamfanin Red Hat ya sayi Sistina a ƙarshen 2003 daga baya ya buɗe lambar, GFS2 kuma ya shiga kanel a 2.6.19 a 2006. OCFS2 na Oracle ya riga shi da 'yan watanni, a 2.6.16. Dabararsu ɗaya: kafin na'ura ta taɓa fayil sai ta nemi makulli daga mai rabon makullai na gungun, idan wata ce ke riƙe da shi sai ta zubo abin da ke ƙwaƙwalwarta a faifai sannan ta saki.

Ina girmama aikin da aka yi a GFS2 ƙwarai, musamman taurin kansa. Idan na'ura ta ɓace kuma killacewa ba ta yi nasara ba, yakan sandarar da rubutu a gungun gaba ɗaya, ya ƙi motsi har sai an tabbatar masa. Mutane sukan kira wannan matsala, ni kuwa a wurina shi ne amanarsa. Amma makullan nan suna cin lokaci. Jaka ɗaya mai dubban ƙananan fayiloli, na'ura biyu suna rubutu a ciki, sai ka ga `ls -l` kawai yana jan ƙafa saboda makulli yana ta kai da kawowa a waya. A cikin waɗanda suka nemi in girka musu shi, da wuya ka sami wanda aikinsa yake buƙatar masu rubutu biyu da gaske. Yawanci so suke kada na'ura ta biyu ta zauna ba aikin yi, wannan kuwa ana magance shi ta raba ayyukan: wannan ta riƙe rumbun bayanai, waccan ta riƙe fayiloli, kowacce tana gadin ɗayar.

Ceph, tsarin ajiya a na'urori masu yawa, wata duniya ce daban. Sage Weil ya gina shi a matsayin aikin digirinsa na uku a Jami'ar California da ke Santa Cruz, ya kammala a 2007, Red Hat kuma ta sayi kamfaninsa Inktank a 2014 a kan dala miliyan 175. Babu faifai ɗaya da ake rabawa. Ana yanyanka bayanai a watsa su a faifai masu yawa, lissafin da ake kira CRUSH yana ba kowa damar gano inda kowane yanki yake ba tare da tambayar wani babban tebur ba. Ƙuri'a tana cikin gininsa tun asali: masu sa ido uku ko biyar, kwafi uku na kowane yanki, ba a karɓar rubutu idan kwafin da ke raye bai kai biyu ba. Cibiyar bincike ta CERN tana ajiye bayanai masu ɗimbin yawa a kansa. Proxmox, wata manhajar sarrafa na'urorin gungu, ya sa girka shi ya zama 'yan danne-danne, wannan sauƙin kuma shi ne yake ruɗar mutane. Terabayit 3 da ka saya 1 za ka mora. Yana son hanyar gigabit 10. A na'ura uku kacal, idan ɗaya ta mutu babu inda zai sake gina kwafi na uku sai ta dawo. Ga kuma lissafin da ba a rubutawa a littattafansa: na'ura uku ko biyar da ba a kashewa dare da rana, batir nawa ke nan, dizal nawa ke nan a wata. GlusterFS ya fi shi sauƙin fahimta, amma Red Hat da ta saye shi a 2011 ta daina tallafa wa nata samfurin a ƙarshen 2024, ni kuwa ba na ɗora sabon aiki a kansa.

Can ɓangaren BSD abin ya fi natsuwa. FreeBSD yana da HAST tun fitowa ta 8.1 a 2010, aikin Pawel Jakub Dawidek, mutumin da ya kawo tsarin fayil na ZFS cikin FreeBSD. Kusan DRBD ne a taƙaice: na'ura biyu, ɗaya ke rubutu, ana haɗa shi da wata dabara mai suna CARP don adireshin intanet na na'urar ya bi wadda ke kan aiki. Rabuwar kai tana samunsa kamar yadda take samun DRBD, maganin ma iri ɗaya ne, a zaɓi wadda za a zubar.

Wanda yake taɓa zuciyata a wannan fage shi ne DragonFly BSD. Matthew Dillon ya ɓalle daga FreeBSD 4.8 a 2003 da babban buri, a wayi gari na'urori da yawa suna aiki tamkar guda ɗaya. A 2008 ya fito da HAMMER a DragonFly 2.0, tsarin fayil mai riƙe tarihin canje-canje, har kana iya buga `undo` ka ga yadda fayil yake kafin a ɓata shi, ga kuma `hammer mirror-stream` da ke kwarara canje-canje zuwa wasu na'urori da ba a rubutu a kansu sai karatu. Mai rubutu ɗaya, masu kwafi da yawa. HAMMER2 an zana shi ne domin masu rubutu da yawa, ya zama tsarin da ake girkawa da shi a 5.2 a 2018, amma a matsayin tsarin fayil na na'ura ɗaya, ɓangaren gungun bai kammala ba. Ban ɗauki wannan a matsayin gazawa ba. Mutum ne da ya san kanel ciki da waje, ya shekara goma sha biyar a kan hanyar, kuma bai saki abin da bai nuna ba ya ce wa mutane su zuba bayanansu. Duk lokacin da wani ya ce mini zai haɗa masu rubutu biyu a ƙarshen mako, DragonFly nake tunawa.

Akwai kuma abin da duk waɗannan ba sa yi. Idan akawu ya goge jaka bisa kuskure, ko manhajar 'yan garkuwa da bayanai ta kulle fayiloli, DRBD zai kai ɓarnar ɗaya na'urar cikin milisakan, da cikakkiyar biyayya. Ceph zai yi mata kwafi uku. A ƙarshen Janairun 2017 wani injiniyan GitLab, wani dandalin irin GitHub, yana ƙoƙarin gyara kwafin rumbun bayanansu na PostgreSQL da ya tsaya, ya goge jakar bayanai a babbar na'urar yana zaton ta biyun ce, kusan gigabayit 300 suka tafi. Da suka juya ga hanyoyin ajiyarsu na ko-ta-kwana sai suka tarar yawancinsu ba sa aiki. Abin da ya cece su hoton faifai ne, wato kwafin yadda faifan yake a wani lokaci, da aka ɗauka awa 6 kafin nan don wani gwaji, aikin awa 6 ɗin kuwa ya tafi.

Saboda haka tambayar da nake fara yi wa mai aiki ita ce, idan na'ura ta mutu yanzu, aikin minti nawa za ka iya sake shigarwa daga takarda, kuma awa nawa za ka iya jira? Mafi yawansu, idan sun yi tunani, sukan ce kwata ɗin awa ba komai, jiran rabin awa ma ba zai kashe kasuwa ba. Wannan amsar ta kore gungu gaba ɗaya. Sai in girka ZFS, a riƙa ɗaukar hoto duk minti 15, `zfs send` ya tura bambancin kawai zuwa na'ura ta biyu, wani kwafin kuma ya tafi wani gini da daddare. Na'ura ta biyu ba ta naɗa kanta. Mutum ne zai je ya duba ta farko da idonsa, ya zare mata wuta, sannan ya tada ta biyun da umarni biyu da na rubuta na manna a jikin akwatin. Hotunan baya suna nan, wanda ya goge fayil jiya ana ɗauko masa na shekaranjiya.

Inda jira ba zai yiwu ba, kamar ɗakin karɓar marasa lafiya da ba a rufewa, nakan yi DRBD da hanyar C, da kebul kai tsaye tsakanin na'urorin biyu ban da wanda ya bi ta siwic, da ƙuri'a ta uku a wani ɗaki, da killacewa a kunne, duk siwic ɗin da ke hanya kuma a kan inbata. Hotuna da kwafin wani gini suna nan daram a bayan wannan. Kafin in miƙa aiki nakan kira mai wurin da yaron da zai riƙa kula da na'urorin, in sa yaron ya zare kebul da hannunsa, mu ga wacce ta kashe wacce, mu mayar, ya zare wutar babbar na'urar, sannan mu goge fayil ɗin gwaji mu dawo da shi daga hoton jiya. Mintunan da kowane mataki ya ci nakan rubuta su a takardar miƙa aiki, mu sa hannu mu biyu, a kuma maimaita gwajin duk lokacin da aka canza batiran inbata ko aka taɓa wayoyin ginin.